Isiyaku Mai Hoto da fuskar da ya ciro daga duhu

Da safen nan ina zaune gaban kofin shayi, ban ko kai shi baki ba, aka bugo waya aka ce min Isiyaku Mai Hoto ya rasu.

Allah ya yafe min, abin da ya fara fita daga bakina ba salati ba ne. Cewa na yi, "Anya?"

Maƙwabcinsa ne ya bugo. Ya ce Malam, daga ƙofar gidan nake maka magana, har an tafi sayen likkafani. Sai a lokacin na yi innalillahi, na ture kofin gefe.

Da Isiyaku zai ji wannan da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Shi ya raɗa min suna Malam Anya tun muna samari, sunan kuma ya bi ni har makaranta, ɗalibai suna faɗinsa a bayan idona suna zaton ban sani ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai shagon hoton nan na kusa da tashar Karaye, wanda janaretansa ya fi shi tari. Benci ɗaya muka zauna a firamare. Ni na zama malamin tarihi, aikin da ya koya min in tambayi kowane labari wa ya faɗe shi, a ina ya ji, me zai samu in an yarda. Shi kuma ya zama mai hoto, tun zamanin fim da ɗakin duhu har aka zo zamanin kwamfuta.

Kowace ranar kasuwa ina zuwa shagon in zauna in yi masa tsiya. Ina da hujja kuwa. Isiyaku ya kai rabin samarin Karaye Dubai ba fasfo ba biza. Yaron da bai taɓa wuce Gwarzo ba za ka gan shi ya jingina da jirgin sama, hannu a aljihu. Ya goge wa angwaye kurajen fuska, ya cika wa wasu gemu, ya yi wa riguna gugar da dutsen guga bai yi ba.

In na ce masa wannan ai ƙarya ce, sai ya ce ƙarya ita ce wadda aka ɓoye, wannan kuwa har uwar yaron ta san yana Karaye.

Hoton mahaifiyarmu guda ɗaya tak muke da shi, gara ta ci gefensa. Kwana uku ya yi a kansa. Da ya miƙo min na ga Inna ta dawo kamar za ta yi magana, sai da na juya baya na share ido. Da na juyo, hali ya motsa. Na ce anya wannan kunnen Inna ne?

Ya ce, "Na ƙanwarta ne. Daga hoton bikinku na aro shi. Gara ta cinye nata, jini kuma ɗaya ne."

Haka yake. In ya ƙara abu a hoto ka tambaye shi, zai faɗa maka. Wannan ya kamata in riƙe. Ni kuwa abin da na riƙe shi ne mutumin nan ya iya ɗauko kunne daga wani wuri ya liƙa ba a gane ba.

Abin da ya sa nake wannan dogon rubutu ya faru ne a Babbar Sallar da ta wuce. Mutane da yawa a Karaye da Rogo sun san labarin, amma ba kowa ya san rabona a ciki ba.

Ina da ƙane, Habu, direban bas ne, yana jigila tsakanin Rogo da Karaye da Kano. Washegarin Sallah matan unguwarmu suka yi shatar motarsa, suka kwashi yara zuwa wani babban wurin wasa a Kano, irin mai lilo da jirgin ƙasa na yara da ƙatuwar ƙafar nan mai juyawa da mutane sama. Mai ɗakina tana cikinsu. Ya sauke su da hantsi suka shige, ba su sake sa shi a ido ba sai da suka fito bayan isha'i.

A ranar, dab da magariba, wata farar bas ta banke wani dattijo mai keke a hanyar Rogo, kusa da Sabon Garin Rogo. Ta karya masa ƙafa, ba ta tsaya ba. Waɗanda suka hango ta daga nesa suka ce ta yi kama da ta Habu.

Labarin ya zauna wa kowa daidai. Ya sauke mata, ya ga akwai sauran lokaci, ga Sallah fasinja birjik, ya ɗebi lodi zuwa Rogo, ya yi ɓarna, ya koma Kano a guje.

Habu ya rantse bai bar ƙofar wurin ba. Ya ce barci ya yi a mota, ya tashi ya yi salla, ya sayi rake ya sha. Shaidarsa kaɗai wani mai rake ne da ba wanda ya san sunansa.

Shugabannin tasha suka dakatar da shi daga lodi sai an gano gaskiya. 'Ya'yan dattijon suna maganar kai ƙara. Magidanci mai 'ya'ya biyar ya koma zaman gida, mota a ƙofa tana tara ƙura, in ya fita masallaci ana nuna shi da baki.

Ni ban ce ya yi ba. Ban kuma ce bai yi ba. Na san ƙanena yana da nauyin ƙafa a kan totur, na kuma san tun yana yaro in ya fasa abu sai ya ce kaza ce.

Ana cikin haka mai ɗakina ta kai wa Isiyaku wayarta. Ashe da aka kunna fitilun babbar ƙofar wurin wasan da magariba, ta jera yara daga ciki ta ɗauke su hoto, ƙofar tana bayansu da ƙwayayenta ja da kore da ruwan ɗorawa. Hotunan ba su yi ba. Fitilun sun fito kamar gobara, yaran kuma baƙi ƙirin kamar inuwa. So take ya gyara mata ko guda biyu ta rataye a ɗaki.

Kwana biyu da haka ya kira ni. Ya ce in bar duk abin da nake yi in zo.

Na same shi gaban kwamfuta. Ya nuna min hoton yadda ya fito daga waya, ya ce waya ba ta da wayo, in ta ga fitila mai ƙarfi sai ta kanne ido, duk abin da ke gefe ya faɗa duhu. Amma ba ɓacewa yake ba, yana nan a kwance. Ya fara rage zafin fitilun har rubutun saman ƙofar ya fito. Sannan ya shiga ɗaga duhun kaɗan-kaɗan. Fuskokin yara suka bayyana, duk sun yi kore saboda hasken ƙwan. Ya nemi farin hijabin wata yarinya ya ce wa kwamfutar wannan shi ne fari, sai launuka suka koma daidai.

Bai tsaya nan ba. Ya ci gaba da ɗagawa, titin da ke wajen ƙofa ya fara fitowa. Ga baro, ga rake a jere. Ga wani mutum tsaye, kumatu a cike.

Ya ce, "Ka san wannan?"

Na san shi mana. Amma nan take malamin tarihi ya tashi a cikina. Wa ya kawo hoton? Matata, wadda ta ɗauki Habu kamar ciki ɗaya suka fito. Wa ya gyara? Isiyaku, wanda suke cin tsire tare da Habu duk yamma a bakin tasha. Me za su samu? Ba sai an faɗa ba.

Na ce wanda ya sa wa Inna kunnen wata, zai gagara ajiye Habu a gaban baron rake?

Bai ji haushi ba, ko kuwa bai nuna ba. Ya ce, "Da ni na sa shi, ai da na sa shi da kyau. Dubi bakinsa fa."

Ya ƙara girman wurin. Ya nuna min wani tsaki-tsaki da ya rufe hoton kamar an watsa masa yashi. Ya ce duk hoton dare in ka ɗaga duhunsa sai wannan ya taso, kuma iri ɗaya yake a kan baro, a kan bango, a kan fuskar Habu. Fuskar da aka ɗauko daga wani hoto sumul take zuwa, ko ta zo da nata tsakin daban. Ya ce da gangan bai share shi ba, ko da yake sharewar ba ta fi minti ɗaya ba. Ya kuma nuna min inda wayar ta rubuta lokacin da aka ɗauka. Magariba ce. Ko tsuntsu ba zai bar Rogo dab da magariba ya yi magariba a tsakiyar Kano ba, balle bas ɗin Habu.

Na ce mai wayo ai shi zai fara tuna ya zuba wa fuskar tsaki. Lokaci kuma, wanda ya iya gyara fuska zai iya gyara agogo.

Ya janye hannu daga kwamfutar. Daga baya ya ce ni ko takardar haihuwata aka kawo min sai na ce a nemo wanda ya ga abin da idonsa.

Abin da ya yi bayan nan, ba wanda ya roƙe shi. Ya rufe shago, ya goya kwamfuta a babur, ya karɓi wayar mai ɗakina, ya tafi Rogo duk da ciwon sukarin da yake fama da shi. Aka taru a rumfar tasha, shugabanni da 'ya'yan dattijon da Habu da ni. A gabansu ya ciro hoton daga waya, ya ɗaga duhun tun daga farko. Sau uku ya yi. A na ukun ya kama yatsan babban ɗan dattijon ya ɗora a kan kwamfutar, ya ce shi ya ja hasken da kansa. Mutumin ya ja, Habu ya fito. Ya mayar, Habu ya nutse. Ya sake ja.

Sai babban ɗan ya ce su manoma ne, ba su san aikin kwamfuta ba, sun dai ji ana cewa tana iya komai. Ya juyo gare ni.

"Malam, kai ne mai ilimi a nan, kuma kai ne yayansa. Ka gamsu?"

Na gyara zama. Na ce, "To, Allah shi ne masani."

Magana ce ta gaskiya, ba mai musun ta. Amma ni na san ɓuya na yi a bayanta, duk wanda ke rumfar nan ma ya sani. Habu ya sunkuyar da kai. Isiyaku ya rufe kwamfutarsa a hankali, bai dube ni ba.

An bar Habu ya koma lodi, tunda ba wata shaida a kansa, maganar ƙara ma ta mutu. Amma barinsa aka yi kawai. Har yau akwai masu tsallake motarsa a Rogo su jira ta baya. In an yi gardama sai wani ya ce, ai ko yayansa bai tsaya masa ba. Tun ranar Habu bai taka gidana ba. In mun haɗu a masallaci yana gaishe ni cikin ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo.

Ganina na ƙarshe da Isiyaku ranar kasuwar da ta wuce ne. Hoton fasfo na je ɗauka, an ce za a sake tantance ma'aikata. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura har ya yanke bayan takalminsa. Na ce ya je asibiti, ya ce ya je, sun ce ya bar shayi, shi kuma yana nazari. Da ya saita kyamara ya ce in saki fuska, gwamnati nake so ta yarda ina da rai, ba tsorata ta zan yi ba.

Da zan tafi ya jawo aljihun tebur ya ciro wata babbar ambulan.

Ya ce, "Na wanke shi."

Na gane abin da ke ciki. Sai na nemi in mayar da abin wasa. Na ce wa ka wanke, hoton ko Habu?

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Hoton. Shi kaɗai na iya wankewa. Ɗaya wankin naka ne, kai ne yayansa."

Na ce zan duba. Ya ce in sa tabarau in zan duba. Na ce to. Ya ce in gaida mutanen gida.

Ke nan. Na zo gida na cusa ambulan a cikin wani littafi, ban buɗe ba.

Yau da safe, kafin in fita jana'iza, na ciro ta. Na sa tabarau. Ya wanke shi babba, ya kuma yanko wurin baron rake ya ƙara masa girma a takarda ta biyu. Sai yau na gane ban taɓa kallon hoton nan ba. A shago da kuma a Rogo, yatsun Isiyaku nake kallo, ina jiran in kama shi.

Ga Habu, rake a baki. A kansa kuwa hulata.

Hulata ce, koriya mai farin zane biyu, wadda na sa aka ɗinka min don Sallah. Ko a cikin tsakin nan na gane ta. Tun washegarin Sallah na neme ta na rasa. Na ɗora wa mai wankinmu, na yi masa tambayoyi irin na aji, ƙarshe na daina kai masa kaya.

Na kira mai ɗakina na nuna mata. Ta ce ita ta ba shi aro da asubar ranar, ya zo ɗaukar su kai ba hula, ta ce ba zai shiga Kano ranar Sallah haka ba. A mota ya sa ta, suka kama hanya. Na ce me ya hana ta faɗa min? Ta ce tun da abin ya faru na bari a ambaci sunan Habu a gidan nan? Ta ce sau biyu tana cewa in rabu da bawan Allah mai wanki ba shi ba ne, ina ce mata anya.

Ba inda Isiyaku zai samo hoton Habu da wannan hular. Da asuba ya sa ta, shago a rufe, daga ƙofar gidana sai Kano.

Zan faɗi gaskiya tunda ranar gaskiya ce. Ko a nan sai da na ji wata tambaya tana tasowa, in kuma a wata rana daga baya aka ɗauke shi da ita fa? Na ji ta har maƙogwaro. Na haɗiye ta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, ƙanena ya rantse ban yarda ba. Abokina na shekara arba'in da wani abu ya goya kwamfuta har Rogo da kumburarriyar ƙafa ban yarda ba. Hula ce ta gamsar da ni. Ita ma don tawa ce.

An yi jana'iza kafin azahar. Mutane sun cika har titi. Habu yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi. Da aka gama na matsa na miƙa masa hannu, ya karɓa, ya ce, "Yaya, ya ƙarin haƙuri?" Na ce ina so in zo gida bayan la'asar. Ya ce, "Gida ai naka ne." Bai dube ni ba, yana karkaɗe ƙasa daga gwiwar wandonsa.

Ban san yadda zai karɓe ni ba. In ya bar ni a tsaye a zaure, bai zalunce ni ba.

Ga hoton nan na sa a ƙasa, yadda Isiyaku ya bar shi da tsakinsa. Mutumin da ke gaban baron rake ƙanena ne, Habu. Yana Kano da magaribar nan, ba shi ya banke dattijon ba. An tambaye ni a rumfar tashar Rogo ko na gamsu, na kauce. Na gamsu. Mutanen Rogo da ke bibiyata a nan, don Allah ku nuna wa 'yan tasha, ku nuna wa 'ya'yan dattijon. Gobe in Allah ya kai mu zan zo rumfar da kaina in faɗa da bakina, in kuma duba jikin tsohon, wanda har yau ba a san wa ya karya shi ba. Mai wanki ma yana bina ban haƙuri.

Isiyaku ne kaɗai ba zan samu ba. Ya tafi yana sane da cewa na zarge shi da ƙirƙirar shaida, kuma ko sau ɗaya bai fasa matsa min wuri a benci ba.

Allah ya jiƙan Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa ya haskaka shi. Allah ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ya san shi ko bai san shi ba, ina roƙo ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. In da saura ku sa ni a ciki. An kusa kiran la'asar, akwai zauren da zan je in yi sallama.